Tarihin Lemun Zaƙi: Daga Gindin Himalaya Zuwa Kasuwar Mafara

Duk faɗin duniyar nan babu dajin da mutum zai shiga ya tarar da lemun zaƙi ya tsiro don kansa, yadda ake tarar da kanya da ɗinya da magarya a dazuzzukan Zamfara. Masana tsirrai sun daɗe suna nema, ba su samu ba. Inda duk aka ga bishiyarsa, to hannun ɗan Adam ne ya kai ta wurin, ko da kuwa wurin ya zama kufai daga baya. Lemun da ake saukewa ranar Talata a kasuwar Mafara, wanda ake ferewa a bakin tasha a Bakura da Maradun, ɗan lambu ne tun asalinsa. Wanda zai ba da tarihinsa kuwa, tarihin masu lambu da masu ban ruwa zai bayar, ya so ko ya ƙi.

Dangin lemu tsofaffi ne ƙwarai. A shekarar 2018 wani ayarin masana daga Amurka da Sifen da wasu ƙasashe ya wallafa bincike a mujallar Nature, bayan sun bi diddigin ƙwayoyin gado na ire-iren lemu kusan 60. Sun gano cewa mahaifar dangin tana gindin tsaunukan Himalaya ta kudu maso gabas, wato yankin da ya haɗa gabashin Assam ta Indiya, arewacin ƙasar Myanmar, da yammacin lardin Yunnan na ƙasar Sin. A ƙiyasinsu, kimanin shekara miliyan 8 da suka wuce damina ta yi rauni a can, ƙasa ta soma bushewa, sai dangin suka warwatsu, kowanne ya saba da inda ya samu kansa.

Daga cikinsu, uku ne suka zama kakannin kusan duk lemun da ake ci a yau. Akwai utrujji, mai kaurin ɓawo da ƙarancin ruwa, wanda ƙamshinsa ne abin nema. Akwai fomelo, babban lemu da ɗaya kan kai kilo ɗaya ko biyu, ɗan ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. Sai mandarin, ƙarami mai saƙwaf-saƙwaf ɗin ɓawo, kakan tanjarin ɗin da muka sani, wanda na dajinsa tsami gare shi sosai. Dangin lemu ba su da ƙyamar juna: garin furen wannan ya faɗa kan furen wancan sai a sami ɗa. A wani lambu na kudancin Sin ko maƙwabtansa, jinin fomelo da na mandarin suka cakuɗa, ba sau ɗaya ba, har aka sami wata bishiya mai 'ya'ya masu ruwa da zaƙi, tsaminsu daidai wa daida. Bincike ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na gadonta daga mandarin ne, 42 daga fomelo, kuma ta wajen uwa fomelo ta biyo. Ita ce masana suke kira Citrus sinensis.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk tarihin nan shi ne cewa wannan dace sau ɗaya ya auku. Ɗaruruwan ire-iren lemun zaƙi da ake nomawa a Barazil da Masar da Binuwai duk zuriyar waccan bishiya guda ce. Bambancin da ke tsakaninsu, wannan ba ya da ƙwallo, wancan ya kan makara wajen nuna, ɗan canji ne da ya riƙa ɓullowa a kan wani reshe, mai lambu ya lura, ya yanko ya yaɗa. Ba a san sunan mutumin da ya fara ɗanɗana 'ya'yan bishiyar nan ya hana a sare ta ba, amma duk mai buɗa-baki da lemu yana cin moriyar lurarsa. Shi kuwa lemun tsami namu hanyarsa daban: ɗan utrujji ne da wani ƙaramin lemun daji na tsibiran Filifin. Garehul kuma ɗan baya-bayan nan ne, an same shi a tsibirin Barbados a ƙarni na 18 daga haɗuwar fomelo da lemun zaƙi.

Mutanen Sin sun riƙe abinsu da kyau. A shekarar 1178 wani hakimin Wenzhou mai suna Han Yanzhi ya rubuta littafi sukutum a kan lemu, ya siffanta iri 27, ya yi bayanin dashe da aure da maganin ƙwari da yadda ake adana 'ya'yan. A wannan lokaci ko labarin lemun zaƙi mutanen Turai ba su ji ba.

Wanda ya fara fita yamma shi ne utrujji. Ya kai Farisa tun kafin zamanin Annabi Isa, har masanin tsirran Girka Tiyofarastus ya siffanta shi wajen shekara 300 kafin miladiyya. Larabawa sun san shi sarai, domin a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga misali da shi ga muminin da ke karanta Alƙur'ani, saboda daɗin ƙamshinsa da ɗanɗanonsa. Bayansa sai naranji, ɗan'uwan lemun zaƙi na kusa, kamarsu ɗaya a ido amma shi ɗaci da tsami gare shi. Masanin tarihi Al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya ba da labarin cewa bayan shekara ta 300 ta hijira aka ɗauko shi daga Indiya aka dasa a Oman, daga nan ya wuce Basra da sauran Iraƙi da Sham, ya yawaita a gidajen mutane har Falasɗinu da Masar. Ya ƙara da wata lura irin ta manomi, cewa da ya bar iskar Indiya da ƙasarta da ruwanta, ƙamshinsa da launinsa sun ragu.

A dubi ƙasashen da ya lissafa. Oman, Basra, Masar: babu wadda ruwan sama ke isa bishiyar lemu a cikinsu. Itacen da aka haifa a inda damina ke da tsawo ya rayu a can ne saboda an iya ban ruwa, an haƙa magudanai, an kafa na'urorin ɗebo ruwa daga kogi da rijiya, an kuma kafa dokar rabon ruwa tsakanin maƙwabta. Da wannan ilmi Musulmi suka kai naranji Andalus. Har yau farfajiyar tsohon masallacin Ƙurɗuba cike take da bishiyoyinsa a jere, da 'yan hanyoyin ruwa daga gindin wannan zuwa gindin wancan. A ƙarni na 12 Ibn al-Awwam na Ishbiliya ya tattara ilmin noman zamaninsa a Kitab al-Filaha, kuma dangin lemu da auren itatuwa sun sami gurbi a ciki.

Ƙasar Hausa ma ba ta makara ba wajen samun rabonta. Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa wanda ya tashi a Fas, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa kan Afirka a 1526, kuma da ya zo kan ƙasar Kano ya ambaci dangin lemu masu yawa da ke fitowa a kurmin duwatsunta. Masana tarihi suna da saɓani kan ko ya taka Kano da ƙafarsa ko daga bakin fatake ya ji, amma ko ta wace hanya, labarin ya nuna lemu mai tsami ya riga ya zauna a nan shekara 500 da suka wuce. Kuma in aka duba yadda lemun tsami ya shiga rayuwarmu za a yarda ya daɗe. Da shi ake kwaɓa lalle, da shi ake wanke ƙarni, shi ake matsa wa mai mura a ruwan zafi, kuma a tsofaffin gidaje da yawa akwai gindinsa a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa.

Lemun zaƙi shi ne autan tafiya. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 15 aka fara jin ɗuriyarsa a Italiya, ta hannun fataken da ke ciniki da gabas. Gaɓar Afirka ta gabas ma ta san shi a wannan zamani: da Basko da Gama ya iso Mombasa a 1498, ma'aikatan jirginsa na fama da cutar nan da ke kumbura dasashi ta zubar da haƙora, lemun da aka kawo musu daga gari ne ya tayar da su. Daga baya Turawan Fotugal suka ɗebo ire-ire masu kyau daga gabas zuwa Lisbon, lemu ya zama abin taƙama a fadojin Turai, har Sarkin Faransa Luwis na 14 ya gina masa katafaren gida a fadarsa ta Basai don kada sanyi ya kashe shi. Kolumbus ya riga ya kai irinsa tsibirin Hisfaniyola a 1493. A 1747 likitan jirgin ruwan Ingila James Lind ya raba marasa lafiya 12 gida shida, ya ba kowane gida maganinsa, waɗanda aka ba lemu su suka warke. Sai a ƙarni na 20 aka gane sinadarin bitamin C ne sirrin, kuma lemun zaƙi na ɗauke da kimanin miligiram 50 nasa a kowane giram 100. Ashe al'adarmu ta riƙe ledar lemu in za a je dubiya asibiti tana da tushe.

Mu a Afirka ta Yamma, ta teku ya zo mana. Jiragen Fotugal suka sauke shi a tsibirai da gaɓar teku, ya bazu a garuruwan kurmi a matsayin itacen bayan gida. A zamanin mulkin mallaka ma'aikatar gona ta riƙa gwada ire-ire masu aure a gonakinta na Ibadan da Agege, har yau akwai irin da ake kira Agege 1. A 1975 aka kafa cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, a Ibadan, tana kuma da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Amma inda lemu ya sami gida na gaske shi ne ƙasar Tibi a jihar Binuwai, wajejen Gboko da Ushongo da Konshisha da Bandekiya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙiyasta cewa Nijeriya na samar da kimanin tan miliyan 4 na dangin lemu a shekara, abin da ya sa ta cikin manyan masu nomansa a duniya. Daga can manyan motoci ke lodi, wasu su nufi kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, wasu su bi Zariya da Funtuwa da Gusau su kama hanyar Sakkwato, wadda ta ratsa Talata Mafara. Tafiyar ta haura kilomita 800, lemun a zube cikin mota, na sama na shan rana, na ƙasa na shan nauyi. Abin da ya ruɓe a hanya, mai saye a Mafara ne ke biyan kuɗinsa.

To, wace irin bishiya ce wannan?

A tsinko ganyenta guda a ɗaga shi saitin rana. Za a ga ɗigo-ɗigo masu haske ko'ina a jikinsa. 'Yan jakunkunan mai ne, kuma da an murje ganyen a tafin hannu ƙamshin zai tashi. Wannan mai yana cikin fure, yana cikin ɓawo, shi ne ke fesowa ya shiga idon mai fere lemu idan reza ta bi ta kansa. A ƙasan ganyen, inda ya haɗu da hannunsa, akwai 'yar gaɓa da ɗan fiffike siriri, alamar da masana ke gane dangin da ita: na naranji da na fomelo sun fi faɗi, na lemun zaƙi tsaka-tsaki. Bishiyar ba ta kakkaɓe ganyenta da rani yadda kuka da ɗorawa suke yi, kullum kore take, kuma wannan kyau nata shi ne nauyinta, domin mai ganye duk shekara mai shan ruwa ne duk shekara.

Furenta fari ne mai kunne biyar, ƙudan zuma na son sa. A ƙasashen sanyi, hunturu ne ke sa ta hutawa sannan ta yi fure. A irin ƙasarmu ƙishirwa ce ke wannan aiki: ta ɗan sha fari, sai ruwa ya sauka ko a ba ta, cikin 'yan makonni ta yi fari fat. Gwanayen masu lambu suna amfani da wannan, su janye ruwa na ɗan lokaci sannan su sake shi, don 'ya'ya su faɗo lokacin da kasuwa ke nema. Babbar bishiya kan yi dubban furanni, amma da wuya biyu cikin ɗari su kai ga zama lemu. Saura zubewa suke, kuma zafi mai tsanani da busasshiyar iska suna ƙara zubar da su. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi ɗan itacen, in an yanka shi a tsakiya, hawa uku ne: ɓawon waje mai launi da mai, farin ɓawon ciki mai laushi wanda masu fere ke bari don a riƙe a matsa, sai tsagi goma zuwa sha biyu. Abin da muke tsotsa 'yan jakunkuna ne da suka tsiro daga bangon kowane tsagi suka cika da ruwa. Daga fure zuwa nuna wata bakwai ne zuwa shekara, gwargwadon iri da zafin wuri. Abu biyu ya kamata mai saye ya sani. Na ɗaya, koren ɓawo ba alamar ɗanye ba ne. Launin ruwan ɗorawa da ake gani a lemun waje sanyin dare ne ke fito da shi, idan ya sauka ƙasa da digiri 13 ko kusa da haka, ya karya koren da ke ɓawon. Lemun Binuwai bai samun irin wannan dare, don haka ya kan nuna sarai yana kore shar. Na biyu, lemu ba mangwaro ba ne, ba ayaba ba ne. Da an tsinke shi zaƙinsa ya tsaya inda yake, ko an binne shi a buhu mako guda ba zai ƙaru ba. Wanda ya tsinko ɗanye don ya riga kasuwa, tsami ya sayar, babu gyara.

Ƙwallonsa ma da abin al'ajabi. A shuka guda, sau da yawa tsiro biyu ko uku za su fito. Ɗaya ne kawai ɗan uba da uwa, sauran daga jikin uwar kaɗai suka fito, kamarta sak. Wannan ne ya sa lemun zaƙi ya iya ƙetare ƙasashe da tekuna a aljihun matafiya bai canza ba. Sai dai bishiyar da aka tayar daga ƙwallo tana da ƙaya, tana yin tsawo, kuma ta kan shekara shida zuwa takwas ba ta yi ɗa ba. Mai aure kuwa a shekara ta uku ko ta huɗu take farawa.

Auren lemu aiki ne na natsuwa. Mai raino zai shuka irin wani lemu mai ƙarfin saiwa, ya jira har karansa ya kai kaurin fensir. Sai ya sami wuri kamar taƙi guda daga ƙasa, ya tsaga ɓawon a tsaye, ya gitta masa wata tsaga a sama, ya ɗan buɗe leɓunan da bakin wuƙa. Daga reshen bishiyar da aka yarda da zaƙinta zai fero ido guda tare da ɗan ɓawonsa, ya zura cikin tsagar, ya naɗe da leda tam. Bayan mako biyu ko uku ya kwance. In idon na kore, aure ya kama, sai a datse kan uwar ɗakin don duk ƙarfin saiwa ya koma ga baƙon. Daga ranar, ƙasan bishiyar wani iri ne, samanta wani.

Wahala ce ta mai da aure dole. A shekarun 1830 wata cuta da ke ruɓar da gindi, ta sa shi tsiyayar ƙaro, ta ɓulla a tsibiran Azores, ta bazu gonakin Bahar Rum tana kashe lemun zaƙi. Aka lura naranji na jure mata, sai duniya ta koma ɗora lemun zaƙi a kan gindinsa. Shekara ɗari bayan haka wata cutar, tiristeza, wadda darɓa ke yaɗawa, ta zo tana kashe duk lemun zaƙin da ke kan gindin naranji. Miliyoyin bishiyoyi suka mutu a Ajantina da Barazil a shekarun 1930 da 1940, kuma ita ce ta yi wa gonakin lemun tsami na Gana ɓarna a wancan zamani. Shi ya sa a Nijeriya aka karkata ga wasu gindin, irin su mandarin Kiliyofatara da lemun Rangpur. Aure kuma shi ya raya lemu mai cibiya. A Bahiya ta Barazil ya ɓullo a kan wani reshe, ba ya da ƙwallo balle a shuka, aka aika da shi Washinton a 1870, wata mata Eliza Tibbets ta dasa biyu a gidanta a Ribasaid ta Kalifoniya a 1873. Daga idanun waɗannan biyu aka cika lardi guda da gonaki, kuma ɗaya daga cikinsu tana nan da rai har yau.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Kayan Maradun ƙasa ce ta gulbi da fadama, amma daminarta wata huɗu ce zuwa biyar. Lemu na bukatar ruwa milimita 900 zuwa 1,200 a shekara, kuma a rarrabe yake son sa, ba a juye masa lokaci guda ba. Yawancin ƙananan saiwoyinsa da ke shan ruwa ba su wuce zurfin kamu ɗaya da rabi ba, don haka ba ya iya bin ruwa ƙasa can yadda mangwaro ke yi. Kuma duk da son ruwansa, in ruwa ya kwanta masa a gindi saiwar ruɓewa take, gishiri a ƙasa ma ba ya ɗauka. Ga bazarar Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, daidai irin yanayin da ke zubar da fure. Ga gara, ga kauci da ke hawa reshe, ga ƙudan da ke huda ɗan itace. Wanda ya ce noman lemun zaƙi a nan abu ne mai sauƙi bai gwada ba. Dalili ke nan da lambunanmu suka fi cika da mangwaro da gwaiba da lemun tsami.

Amma fa ruwa akwai. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Maradun, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da nufin shayar da kadada wajen 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Yadda aka yi aikin shi ne ciwon da har yau dattawan yankin ba su manta ba. Tafkin ya cinye garuruwa da fadamu, aka tashi dubban mutane. A inda za a yi ban ruwan kuma aka sa manyan motoci suka baje gonaki, suka tumɓuke itatuwan da kakanni suka bari, manoma suka yi shekaru ba su yi shuka ba, diyya kuma ta zama abin jayayya. Da suka gaji suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Na kawo wannan ne don ya shafi lemu kai tsaye. Shinkafa da alkama da dankali da tumatir, waɗanda aka fi nomawa a Bakolori, wata uku ne zuwa biyar an kwashe. Bishiyar lemu kuwa shekara huɗu za a yi ana ba ta ba ta ba da komai ba, sannan ta yi shekara 30 ko fiye tana biya. Ba mai dasa irin wannan sai wanda ya tabbata gonar tasa ce, ruwan ba zai yanke ba, kuma shi ko ɗansa ne zai tsinka. Manomin da ya ga an tumɓuke ɗorawar kakansa da rana tsaka, ya kuma ga na'urorin feshin ruwa da aka kafa wa babban ɓangaren aikin sun lalace an bar su, ba za a zarge shi ba in ya tsaya ga abin da zai girbe bana. An soma gyaran magudanan Bakolori a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wannan abin godiya ne. Sai kuma ga masifar 'yan bindiga, wadda ta mai da zuwa gona kasada a Maradun da ƙauyukan Mafara da Bakura. Ko Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura ba ta tsira ba, an shiga an kwashi ɗalibai da ma'aikata a watan Agusta 2021. Lambun lemu da aka kasa zuwa ba shi ruwa mako uku a bazara, aikin shekaru ne ya tafi.

Duk da haka ban yarda cewa ƙasarmu ta fi ƙarfin lemu ba. Masar, wadda ruwan samanta bai kai rubu'in namu ba, tana sahun gaba a duniya wajen fitar da ɗanyen lemu zuwa ƙetare, kuma da yawansa a sababbin gonakin hamada ake noma shi da ban ruwa na ɗigo. Kusa da mu ma, a Timiya cikin duwatsun Azbin, Buzaye na noma lemu da garehul da ruman da ruwan rijiya, ana kai su Agadas da gaba. Gaskiya ne su tudu na ba su sanyi, amma mu ma muna da hunturu, kuma dararen Disamba da Janairu sukan yi sanyin da zai iya ba lemun Zamfara launi da ɗanɗanon da na kudu bai samu ba. Abin da ake bukata shi ne ƙasar jigawa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, kusa da magudana ko rijiyar burtsatse, da shingen itatuwa na tare iska, da gindin da ya dace da zafinmu. A tazarar mita 7, kadada guda na ɗaukar bishiya wajen 200.

Sai kuma a yi hattara da inda ake sayo dashe. Cutar da ake kira huanglongbing, wadda ba ta da magani, ta bayyana a Fulorida a 2005. Jihar da ta tsinki akwati miliyan 244 na lemu a kakar 1997 zuwa 1998 ta dawo ba ta kai miliyan 20 ba a 'yan shekarun nan. Ƙwaron da ke yaɗa ta an ba da rahoton ganinsa a kudu maso yammacin Nijeriya a 2020. Da yake lemun zaƙi duk jini ɗaya ne, abin da ya kashe na Amurka zai kashe na kowa. Yankin da bai cika da lemu ba tukuna yana da damar farawa da tsafta, in an kula.

Kirana ga Kwalejin Bakura da tashar binciken ban ruwa da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ke da ita a Talata Mafara shi ne su ware fili su gwada ire-iren gindi da ire-iren lemu a ƙasarmu da zafinmu, su fitar da abin da ya yi, su koya wa matasa aure, don manomi ya sami dashe mai lafiya a kusa da shi. Hukumar da ke riƙe da ruwan Bakolori kuma ta tanadi tsarin da zai ba mai lambun itatuwa ruwa duk shekara. Kai kuma mai karatu, in kana da tsakar gida da rijiya, kada ka jira kowa. Nemi dashe mai aure daga wurin da ka amince, ka dasa da faɗuwar damina, ka bar gaɓar auren a sama da ƙasa, ka yi masa kewaye don kada ruwa ya taɓa gindin, ka cire duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar, kuma kada ka bar shi da ƙishirwa daga Maris zuwa saukar ruwa.